Daidaita janareta da babban layin wutar lantarki

Daidaita janareta da babban layin wutar lantarki shi ne aikin da ake yi kafin a haɗa injin da ke samar da wuta da layin da tuni yake ɗauke da wuta. Ana gyara gudun injin da ƙarfin wutarsa har sai sun zo ɗaya da na layin, sannan a rufe bireka, wato babban makunnin da ke tsakaninsu. Idan aka rufe kafin su daidaita, wuta mai yawa takan kwarara nan take, ta ƙona naɗin wayar injin, ko ta murɗe sandarsa, ko ta jawo ɗaukewar wuta a yankin baki ɗaya.

Iyakoki iri biyu ne suke tafiyar da wannan aiki, kuma sau da yawa ana rikita su. Ta farko ita ce iyakar da aka yarda bugun babban layin kansa ya hau ko ya sauka. Ta biyu, wadda ta fi tsauri nesa ba kusa ba, ita ce tazarar da aka yarda ta kasance tsakanin bugun janareta da na layin a lokacin rufe bireka. A arewa maso yammacin Najeriya, ƙaramar tashar lantarki ta madatsar ruwan Bakolori da ke jihar Zamfara tana cikin misalan da ke nuna yadda iyakokin biyu suke shafar juna.

Kalmomi

Abin da injiniyoyi ke kira firikwensi shi ne yawan zagayen da wutar lantarki mai kai-komo take yi cikin sakan ɗaya. Wasu marubutan Hausa suna fassara shi da mita, sai dai wannan kalma tana ɗauke da wasu ma'anonin: ma'aunin tsawo, da na'urar da ke lissafa wutar da gida ya sha, da zangon kama tashar rediyo, har da ƙorafi. Don haka wannan maƙala tana amfani da kalmar bugu. Ana auna bugu da Hertz, wanda ake taƙaitawa da Hz, daga sunan masanin kimiyyar Jamus Heinrich Hertz. Bambancin bugu tsakanin janareta da layi kuwa ana kiransa zamiya a nan, domin ɗayan yana zame wa ɗayan sannu a hankali. Fes kalma ce da masu aikin wuta suka saba da ita, ana nufin kowanne daga cikin layuka uku na babbar wuta.

Yadda bugu yake samuwa

A cikin janareta akwai maganaɗisu da ke juyawa a tsakiyar naɗin wayoyi. Yawan bugun da injin ke bayarwa ya dogara ne a kan abu biyu: saurin juyawa da yawan kawunan maganaɗisun. Ana ninka yawan kawuna da yawan juyi a minti ɗaya, sannan a raba da 120. Injin mai kawuna 4 da ke juyi 1,500 a minti yana ba da Hz 50, haka nan mai kawuna 2 da ke juyi 3,000. Injinan madatsun ruwa suna juyawa a hankali, shi ya sa ake yi musu kawuna masu yawa.

Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka da Turai suna aiki da Hz 50. Amurka da Kanada da Saudiyya suna aiki da Hz 60. Duk janaretocin da ke haɗe a babban layi ɗaya suna bugawa tare, daga Kainji da Jebba da Shiroro har zuwa tashoshin gas na kudu. Idan buƙatar wuta ta fi abin da ake samarwa, injinan sukan ji nauyi su rage gudu, bugu ya sauka. Idan wani babban lodi ya fita kwatsam, sai su ƙara gudu, bugu ya hau. Saboda haka bugu shi ne ma'aunin da ke nuna ko samarwa da buƙata sun daidaita.

Sharuɗɗan haɗawa

Sharuɗɗa huɗu ne dole a cika kafin a rufe bireka.

1. Jerin fes. Layuka ukun janareta su bi tsari ɗaya da na babban layi. Ana tabbatar da wannan ne lokacin girka injin, ko bayan gyaran da aka kwance wayoyi.
2. Ƙarfin bolt. Ya zama daidai da na layin ko ya ɗara shi kaɗan. Na'urar da aka fi sani da AVR ce ke gyara shi.
3. Bugu. Zamiya ta zama ƙarama ƙwarai. Na'urar daidaita gudu, wadda ake kira gwamna, ita ce ke ƙara ko rage ruwa ko man da ke shiga injin.
4. Kusurwa. Ko da bugun biyu sun zo ɗaya, ɗayan na iya kasancewa a ƙololuwar zagayensa yayin da ɗayan ke ƙasa. Ana auna wannan tazara da digiri, zagaye ɗaya yana da digiri 360, kuma ana son a rufe a kusa da sifili.

Iyakar bugun babban layi

Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Najeriya, NERC, wadda aka kafa a 2005, ita ce ke amincewa da kundin ƙa'idojin babban layi. Kundin ya tsayar da Hz 50, ya kuma yarda da kaucewar rabin kashi ɗaya cikin ɗari a yanayi na yau da kullum, wato daga Hz 49.75 zuwa 50.25. Idan layin ya shiga matsi, an yarda ya kai kashi 2.5 cikin ɗari, wato daga Hz 48.75 zuwa 51.25. Daga Cibiyar Kula da Babban Layi ta Ƙasa da ke Osogbo ake sa ido a kan wannan.

Wasu ƙasashen sun fi matse iyakar. A nahiyar Turai, iyakar yau da kullum ita ce Hz 49.95 zuwa 50.05, kuma ana buƙatar janareta ya iya jurewa na wani lokaci daga Hz 47.5 zuwa 51.5 ba tare da ya fice ba. A Birtaniya doka ta tsayar da Hz 49.5 zuwa 50.5. A Indiya kuwa Hz 49.90 zuwa 50.05 ne.

Rahotannin da NERC ke fitarwa duk wata uku sun sha nuna cewa bugun layin Najeriya yana fita daga iyakar yau da kullum, ta sama da ta ƙasa. Daga cikin dalilan da ake ambatawa akwai ƙarancin injinan ko-ta-kwana da ke juyawa suna jiran a buƙace su, da rashin cikakken tsarin sa ido na kwamfuta a kan layin, da manyan lodi masu shiga da fita kwatsam irin na kamfanonin narka ƙarfe. Idan bugu ya kauce da yawa, na'urorin kariya sukan cire injina ɗaya bayan ɗaya, abin da ke kaiwa ga durƙushewar babban layi.

Iyakar zamiya

Ƙa'idar da aka fi ambatawa ga ƙananan tashoshi ita ce IEEE 1547, wadda aka fara fitarwa a 2003 aka kuma sabunta a 2018. An rubuta ta ne a Amurka, amma injiniyoyi a ƙasashe da dama suna duba alƙalumanta. Ta kasa tashoshi gida uku bisa girmansu, ana auna girman da kVA:

Har zuwa kVA 500: zamiya Hz 0.3, bambancin bolt kashi 10 cikin ɗari, kusurwa digiri 20.
Sama da kVA 500 zuwa 1,500: zamiya Hz 0.2, bambancin bolt kashi 5 cikin ɗari, kusurwa digiri 15.
Sama da kVA 1,500: zamiya Hz 0.1, bambancin bolt kashi 3 cikin ɗari, kusurwa digiri 10.

Ga manyan injina akwai ƙa'idojin IEEE C50.12 na injinan ruwa da C50.13 na injinan tururi da gas. Su sun tsayar da zamiya a Hz 0.067, kusurwa a digiri 10, bolt kuma daga daidai zuwa ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Dalilin tsanantawa ga babban inji shi ne nauyinsa. Da zarar an rufe bireka, layin zai tilasta wa injin bin gudunsa nan take, kuma gwargwadon nauyin abin da ke juyawa, gwargwadon fizgar da sanda za ta sha.

Waɗannan alƙaluma suna nuna cewa janareta ba ya neman Hz 50 a lokacin haɗawa, yana neman bugun da layin yake a kai ne a wannan sakan ɗin. Idan layin yana Hz 50.6, injin da ya tsaya cif a Hz 50 ya wuce iyakar Hz 0.1 har sau shida. Injin mai kawuna 4 sai ya kai juyi 1,518 a minti kafin ya kama layin, kuma kuskuren da aka yarda masa juyi 3 ne kacal a minti. Faɗin iyakar yau da kullum ta Najeriya Hz 0.5 ne, wato ninki biyar na zamiyar da aka yarda wa tasha mai girma, faɗin iyakar matsi kuwa ninki ashirin da biyar ne.

Lokacin rufe bireka

Zamiya ce ke ƙayyade saurin da kusurwa ke sauyawa. A zamiyar Hz 0.1, kusurwa tana cika zagaye ɗaya cikin sakan 10, wato digiri 36 a kowane sakan. A Hz 0.067 zagayen yana ɗaukar sakan 15. A Hz 0.3 kuwa ba ya wuce sakan uku da ɗan kai, digiri 108 ke nan a sakan ɗaya.

Bireka ba ya rufewa a daidai lokacin da aka ba shi umarni, akwai ɗan jinkiri kafin ƙarafunansa su haɗu. Idan jinkirin kashi ɗaya ne cikin goma na sakan, kusurwa za ta matsa da digiri 3.6 a zamiyar Hz 0.1, amma a Hz 0.3 za ta matsa da digiri 10.8. Shi ya sa ake ba da umarnin rufewa tun kafin kusurwa ta kai sifili. Tagar digiri 10 ta kowane gefe tana buɗe ne na sama da rabin sakan kaɗan a zamiyar Hz 0.1.

An fi so janareta ya ɗara layin gudu kaɗan. Ta haka da an rufe zai fara tura wuta waje. Idan ya shigo a ƙasa da gudun layi, shi ne zai ja wuta ya koma kamar mota, sai na'urar kariya ta cire shi.

Hanyoyin daidaitawa

Hanya mafi daɗewa ita ce ta fitilu uku, kowace an ɗaura ta tsakanin fes ɗin janareta da takwaransa na layi. Fitilun suna haske suna dushewa tare gwargwadon zamiya, ana rufewa ne a tsakiyar duhu. Idan suna kamawa bi da bi maimakon tare, jerin fes ya saɓa. Raunin wannan hanya shi ne fitila takan mutu tun da sauran bambancin bolt mai yawa, don haka ido ba ya gane tsakiyar duhun sosai.

Hanya ta biyu ita ce agogon daidaitawa, wanda injiniyoyi ke kira sinkiroskof. Yana da allura ɗaya. Idan tana juyawa irin juyin agogo, janareta ya fi layi gudu, idan tana komawa baya, ya gaza. Mai aiki yakan rage zamiya har allurar ta yi tafiyar hawainiya, ya rufe gab da ta kai wurin ƙarfe goma sha biyu.

A tashoshin zamani na'ura mai sarrafa kanta ce ke aika saƙo ga gwamna da AVR, ta lissafa jinkirin bireka, ta rufe. Ana ƙara wata na'urar tantancewa mai lamba 25 a tsarin lambobin na'urorin kariya, wadda ke hana rufewa idan ba a cika sharuɗɗa ba, ko da mutum ne ya danna.

Bayan an haɗa, aikin gwamna yakan sauya. Ƙara ruwa ko mai ba ya ƙara gudun ƙaramin inji, tun da layin ya riƙe shi, sai dai ya ƙara yawan wutar da yake turawa.

Illar haɗawa ba daidai ba

Wutar da ke kwarara tana kaiwa matuƙa idan aka rufe a tazarar digiri 180, kuma tana iya wuce wadda ake samu idan wayoyi uku suka haɗu a bakin injin. Murɗar sanda kuwa ta fi tsanani a wajen digiri 120. Barnar takan shafi naɗin waya, da sanda, da mahaɗin injin da janareta, da taransifoma. Wani lokaci ba ta bayyana nan take, sai dai ta rage wa injin tsawon rai. A watan Maris na 2007, a wani gwaji da aka yi a ɗakin bincike na ƙasa da ke Idaho a Amurka, an riƙa buɗe bireka ana rufewa ba bisa daidaito ba da gangan, kuma cikin 'yan mintuna janaretan dizal mai megawat 2.25 ya lalace yana fitar da hayaƙi.

Tashar Bakolori

Madatsar ruwan Bakolori tana kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit Bakolori, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da wani reshen kamfanin Fiat na Italiya, shi ne ya gina ta daga 1974 zuwa 1978, kafin a ƙirƙiri Zamfara a 1996. Tsawon madatsar kusan kilomita 5.5 ne, tafkinta kuma yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Filin noman ranin, mai faɗin hekta 23,000, ya ratsa ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Dubban manoma sun rasa gidaje da gonaki saboda aikin, kuma rikicin biyan diyya ya kai ga kashe mutane da dama a Birnin Tudu a watan Afrilun 1980.

An tsara hekta 8,000 su sha ruwa ta magudanai, sauran hekta 15,000 kuma ta hanyar feshi. Feshi yana buƙatar famfuna masu aiki da lantarki, don haka aka gina tashar lantarki ta ruwa mai megawat 3 a jikin madatsar, tare da injinan dizal na ko-ta-kwana. Kusan kashi biyu cikin uku na filin ya dogara ke nan da samun wuta. Zuwa farkon shekarun 2000 tsarin feshin ya daina aiki, aka koma noman shinkafa a ɓangaren magudanai. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya haɗa da gyaran magudanan Bakolori da mayar da wani sashe na filin feshi zuwa ban-ruwa ta magudanai. Gwamnatin tarayya kuma ta sanya tashar lantarkin cikin jerin ƙananan tashoshin ruwa da take son miƙa wa kamfanoni masu zaman kansu, tare da na Jibiya da Zobe a jihar Katsina.

A Talata Mafara akwai tashar rarraba wuta ta kamfanin TCN da ke sauke wuta daga kilobolt 132 zuwa 33, kuma Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato. Ƙaramar tashar da za ta tura wuta cikin layukan rarrabawa tana bin dokokin da NERC ta fitar a 2012 kan irin waɗannan tashoshi.

Abubuwa uku ne suke sa daidaitawa ta yi wuya ga tasha mai girman ta Bakolori. Na farko, megawat 3 ya wuce kVA 1,500, don haka a ma'aunin IEEE 1547 tana cikin rukuni mafi tsauri, mai zamiyar Hz 0.1. Na biyu, babban layin Najeriya yakan ɗauki megawat 4,000 zuwa 5,000 a 'yan shekarun nan, wato tashar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Ba ta da ikon motsa bugun layin, sai dai ta bi shi duk inda ya yi. Na uku, injin ruwa ba ya amsa umarni da sauri, domin ruwan da ke cikin bututu yana da nauyi kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya ƙara ko ya rage gudu. Tsayin ruwan tafkin ma yana sauyawa, ya cika a ƙarshen damina ya ja baya da rani, abin da ke sauya ƙarfin da ke tura farfela. Idan bugun layi yana yawo fiye da yadda gwamna zai iya bi, allura ba ta natsuwa, sai a yi ta jira.

Bugu yana shafar famfuna ma kai tsaye. Gudun motar famfo yana bin bugun wuta, ƙarfin tura ruwa kuma yana sauyawa da ninkin gudun sau kansa. Idan bugu ya sauka zuwa Hz 48.75, ƙarfin turawa yakan ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari, feshin ya kasa kai inda aka auna masa.

Idan babban layi ya ɗauke, dole ƙaramar tasha ta ware kanta daga gare shi. IEEE 1547 ta ce a yi hakan cikin sakan 2, don kare ma'aikatan da ke gyara, da kuma gudun kada wutar ta dawo ta tarar da injin a wata kusurwa dabam. Tashar tana iya ci gaba da ciyar da nata lodin ita kaɗai idan an tsara ta haka, amma kafin ta koma sai an sake daidaitawa daga farko, yawanci bayan layin ya natsu na kimanin minti 5. Gwargwadon yawan ɗaukewar wuta a yanki, gwargwadon yawan wannan aiki da haɗarin da ke tattare da shi.

Janaretan gida da sola

Janaretocin gidaje da shaguna da injinan niƙa ba a daidaita su da layi. Ana amfani da makunnin sauya layi ne, wanda ke raba gidan da wutar kamfani kafin ya haɗa shi da janareta, don haka hanyoyin biyu ba sa taɓa haɗuwa. Jona janareta a soket ba tare da wannan makunni ba yana tura wuta baya zuwa taransifoma, yana iya kashe mai gyara a kan fol, kuma janaretan kan ƙone idan aka kawo wuta. Inbatar sola mai haɗuwa da layi kuwa ba ta da abin da ke juyawa. Tana karanta bugun layi da kusurwarsa ta hanyar lantarki, ta bi su, ta kuma fice da kanta idan sun wuce iyakar da aka saita mata.

Haɗa layukan ƙasashe

Sharuɗɗan da ke kan janareta ɗaya su ne ke kan manyan layuka biyu. Nijar tana samun wuta daga Najeriya ta layin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, da kuma wani daga Katsina da ke ciyar da yankin Maraɗi da Damagaram, kuma sassan da ke haɗe suna bin bugun Najeriya. Ƙungiyar haɗakar lantarki ta Afirka ta Yamma, WAPP, wadda ECOWAS ta kafa a 1999, tana da burin ganin layukan ƙasashen yankin suna bugawa tare, abin da ke buƙatar kowace ƙasa ta iya riƙe bugunta. Inda bugu ya bambanta tun asali, ba a iya haɗawa kai tsaye. Gabashin Japan yana aiki da Hz 50, yammacinta da Hz 60, don haka ake bi ta tashoshin da ke mayar da wutar zuwa mai tafiya gefe ɗaya sannan su sake mayar da ita mai kai-komo a ɗaya bugun. Ta farko a cikinsu, ta Sakuma, ta fara aiki a 1965. Da irin wannan dabara Saudiyya take haɗuwa da maƙwabtanta na yankin Gulf masu aiki da Hz 50.